Juma'a Uku Bodil Ba Ta Kawo Kek Ba

A kamfanin madara na garinmu, nan yammacin Jutland, idan mutum ya yi kwaɓa a wurin aiki ba a kiransa ofis. Ranar Juma'a da ƙarfe tara, lokacin shan kofi, zai shigo ɗakin cin abinci da tiren kek ya ajiye a tsakiyar tebur. Kowa ya yanki nasa, a yi masa tsiya har kunnuwansa su yi ja, a shanye kofi a tashi. Da zarar kowa ya ci, magana ta mutu, kuma wanda ya sake tayar da ita shi ne mara kirki. Manajoji ma sun sha kawowa.

Bodil Thygesen ta kawo irin wannan kek sau tara a shekara talatin da ɗaya da ta yi tana makanikancin kamfanin, kuma tana tuna dalilin kowanne. A watan Maris na bana aka jira na goma, ta ƙi kawowa.

Shekarunta hamsin da tara. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, gashinta ya yi fari, ita take aske abinta a gida. Mahaifinta yana cikin manoman da suka mallaki kamfanin, yana da shanu ashirin da shida a bayan gari. Cikin 'ya'yansa huɗu ita kaɗai ce shanu ba su dame ta ba, injin tatsa ne ya ɗauke mata hankali. Tana da shekara goma sha bakwai ta tafi bakin teku koyon walda a wurin gyaran jiragen kamun kifi, ita kaɗai mace cikin maza arba'in. A can ta koyi mayar da magana kafin mai faɗa ya rufe baki. Da ta auri Aksel, direban tankar madara, sai ta dawo gida ta kama aiki a kamfanin.

Aikinta bawul ne. Akwai guda ɗari uku da goma sha biyu a jikin bututan kamfanin. Su ne ke buɗe wa madara hanya zuwa tanki, su rufe, sannan su buɗe wa ruwan soda mai zafi da ake wanke bututan da shi. Iska ce ke motsa su, daga wani babban inji da ke bayan gini. A cikin kowanne akwai zoben roba, shi ke hana madara haɗuwa da ruwan wanki.

Da can, duk watan Janairu ana tsayar da aiki mako guda, a kwance bawul ɗin kaf a canza musu roba, da wadda ta mutu da wadda ba ta yi komai ba. Sauran shekara kuwa da kunne Bodil take aiki. Sai ta ɗora bakin dogon sukundireba a jikin bawul, ta kafa kunne a ƙotar, ta ce wannan ya fara nauyi.

Bara aka ɗora wa kowane bawul wata 'yar hula mai fitila. Hular tana ƙirga sau nawa ya buɗe da sakan nawa yake ɗauka kafin ya rufe, ta aika wa kwamfuta. Kore lafiya ke nan, rawaya a duba, ja a tsayar da aiki. Mutane sun zaci Bodil za ta yi rigima. Sai ga shi ita ta riga kowa koyon abin.

Ta ce mini, "Shekara talatin ina cewa wane ya yi nauyi, ana ce mini tsufa ne ya taɓa mini kunne. Yanzu ga wanda zai gaya musu da lamba. Su yi musu da shi mu gani."

Abu ɗaya ne bai yi mata daɗi ba. Rawayar fitila tana ƙara a ɗakin kula da injuna kusan sau arba'in a yini, ma'aikata suka yi ƙorafi, manaja ya sa aka kashe mata murya. Kwamfuta ta ci gaba da rubutawa, amma ba mai karantawa.

Ranar Talata ta biyu a watan Maris, da safe, mai gwajin madara ta ɗebo daga tanki na uku ta ga akwai soda a ciki. Lita dubu goma sha takwas ce, tatsar gonaki goma sha huɗu, aka zubar da ita duka. Da aka bi sawu, sai aka tsaya a kan bawul mai lamba 117, wanda ke tsakanin bututun wanki da tankin. Kwana goma sha ɗaya kafin nan Bodil ta canza masa roba. Da aka kwance shi, aka ga gefen robar a cije.

Manajan, Ejner Vad, mutum ne mai sanyin magana, shekarunsa arba'in da shida, ba ya son ganin ran kowa a ɓace. Doka ta ce duk madarar da aka zubar sai an rubuta dalili a takarda an ajiye wa masu duba tsabtar abinci. Ya rubuta layi ɗaya: makanikiya ta sa roba ba daidai ba lokacin gyara. Washegari ya tare ta a bakin ɗakin kayan aikinta yana murmushi.

Ya ce, "Kada ki sa wa ranki komai, Bodil. Kowa yana yi. Kek mai kwakwar nan za ki kawo mana, ko?"

"Me ka rubuta a takardar?"

Ya gaya mata.

Ta ce, "Ni ban sa ta a karkace ba."

"To ita ta karkata kanta?"

"Bawul ɗin ne ya cije ta. Bai rufe da ƙarfinsa ba, ya tsaya a rabi ya kama gefenta. Matsalar ce ta kawo cizon, Ejner. Ka juya abin."

"Kwamfuta ta nuna 117 ya yi jinkirin rufewa a safiyar nan, kuma hannunki ne na ƙarshe a kansa. Takardar nan ba mai karanta ta. A fayil za ta kwana har ta tsufa."

"Da sunana a kai."

"Ban sa suna ba."

"Makanikiya nawa gare ka?"

Ita kaɗai ce.

Ranar Juma'a aka jera ƙananan faranti da wuƙa a tebur, aka bar tsakiya fili. Bodil ta shigo da kofinta da gurasarta ta zauna a inda ta saba, kusa da Thorkild Bjerre, babban mai haɗa cuku. Shekara ashirin da biyar suna zama kafaɗa da kafaɗa a teburin nan suna zagin juna. Shi ya ɗauki akwatin gawar mahaifinta tare da 'yan uwanta maza.

Thorkild ya leƙa bayanta, ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ce, "Tsohuwa, ina kayan? Ko murhun ne shi ma robarsa ta karkace?"

Aka kwashe da dariya.

Ta ce, "Ci gurasarka, mai cuku. Tumbin nan naka ba ya neman ƙari."

"Haba! Na ƙi karyawa a gida saboda ke."

"To matarka ta huta yau."

"Kin manta ne? Faɗi gaskiya, shekaru ne. Mu yi miki uzuri zuwa mako mai zuwa."

Ta kurɓi kofi, ta ce, "Ban manta ba. Ban yi kwaɓa ba, ba zan kawo ba."

Dariyar ta tsaya. Wani ya tattara farantan a hankali ya mayar cikin kabad.

A wajenmu ana yafe wa mutum rowa, ana yafe masa shaye-shaye, amma ba a yafe wa wanda ya nuna ya fi ƙarfin yin kuskure. Haka mutane suka ɗauki abin. A mako na biyu gaisuwa ta ragu. Idan ta shiga ɗakin cin abinci sai hira ta koma kan yanayi da ƙwallo. Manoma suka ji labari. Matar da ke sayar da burodi a gari ta ce mata, a gaban layi, ta ajiye mata tiren kek ɗaya idan tana so. Ejner ma ya sake zuwa, ya rage murya ya ce shi zai saya, ita dai ta shigo da shi.

Ta ce, "Ashe yanzu har kwaɓa ake saya wa mutum. Ka bar kuɗinka, ka gyara layin nan da ka rubuta a takarda."

A gida ma ba ta samu goyon baya ba. Aksel ya ajiye tuƙi shekara biyu da suka wuce, amma har yanzu da ma'aikatan kamfanin yake karta. Ranar Alhamis kafin Juma'a ta uku ya gasa kek da kansa, ya rufe da tsumma, ya ajiye mata a kujerar mota. Da safe ta ɗauko ta mayar masa kan teburin kicin.

Ya ce, "Ke dai ki kai musu a wuce wurin. Fulawa ce da sukari, ba rantsuwa ba ce a gaban alƙali."

"Idan na ajiye shi a teburin kamfani, na ce ni ce."

"To sai me? Ni da na taɓa juye madara a tankin da ba shi ba, na kai kek, na mutu?"

"Kai ka juye. Ni ban yi ba."

"Saura miki shekara uku ki ajiye aiki, Bodil. Haka za ki yi su kina cin abinci ke kaɗai?"

Ta ɗauki makullin mota, ta ce, "Na iya taunawa ni kaɗai. Kuma ƙasan kek ɗinka ya ƙone."

Duk wannan lokacin tana duba bayanan 117 a kwamfuta, kuma ba su taimake ta ba. Ya saba rufewa cikin sakan ɗaya da rabi, a safiyar ɓarnar kuwa ya ɗauki sakan shida, bai ma kai ƙarshe ba. Ta yarda cewa a mako na biyu ta fara tambayar kanta ko hannun nata ne ya fara cin amanarta. Ta ce ta kwance bawul biyu da ta gyara a rana ɗaya da shi, don kawai ta ga yadda ta sa musu roba. Daidai suke.

Daga nan ta daina kallon 117 shi kaɗai. Ba ta son karatu a allon kwamfuta, don haka ta buga bayanan maƙwabtansa goma sha tara na wata uku a takarda, ta kai gida. Ranar Lahadi bayan cin abincin rana ta shimfiɗa su a tebur ta bi su da jan biro. Kafin kofi ya huce ta gani. Duk ranar Talata, daga ƙarfe bakwai saura ashirin zuwa bakwai daidai, bawul ɗin wannan ɓangaren gaba ɗaya suna yin nauyi, har waɗanda ba ta taɓa ba tun bara. Talata takwas a jere fitilunsu suna yin rawaya, ba wanda ya ji. Roba ɗaya ba za ta sa bawul ashirin nauyi ba. Iska ce ke raguwa. An saba wanke wannan ɓangaren da ƙarfe biyar, amma a ranar ɓarnar tanka ta makara, aka ɗaga wankin ya faɗa cikin mintunan nan ashirin.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ranar Talata da bakwai saura kwata ta tsaya a gaban 117, ta ga fitilarsa ta koma rawaya, sai ta bi bututun iska da ƙafa. Ya ratsa bango ya shiga ɗakin cuku. A bayan ƙofar ta ji ƙarar iska kamar tayar tarakta ta fashe.

Thorkild ne tsaye da tiyo a hannu, yana busar da kwanonin da ake matse cuku a ciki. An ɓula bututun an jona tiyon, aiki mai kyau kuwa. Ta miƙa hannu ta rufe famfon. Ɗakin ya yi tsit.

Ya juyo, ya ce, "Ke kuma lafiya? Kin zo neman aiki ne a wajen masu hankali?"

"Wa ya jona maka wannan?"

"Ni na jona, a watan Janairu. Na gaji da jan kwanoni zuwa ƙarshen gini. Ejner ya ce ba laifi. Iska ce fa, ba madara na sata ba."

Ta zaro takardun daga aljihun rigar aikinta ta shimfiɗa a kan wani kwano. Ta nuna masa jan biron, Talata bayan Talata. Thorkild ba jahili ba ne. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a kan akwati.

Ya ce, "Ban sani ba, Bodil. Na rantse ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba."

"Mako uku ina miki tsiya."

"Ka iya kuwa."

Ya share fuska da hularsa, ya ce, "Bari mu yi haka. Yau zan cire tiyon, ba wanda zai ji. Ba za ta sake faruwa ba. Ranar Juma'a mu kawo kek tare, mu ce na zumunci ne. Kowa ya fahimta, ba sai an faɗa ba."

"Takardar fa?"

"Wace takarda kuma? Haba tsohuwa, shekara ashirin da biyar. Manoma goma sha huɗu za su san ni na zubar musu da madara."

"Mako uku ke nan sun san ni ce, kuma kana ganina ina yawo da ƙafata." Ta naɗe takardunta. "Ka je wurin Ejner kafin ƙarfe goma sha biyu. Idan ba ka je ba, ni zan je."

Ya je da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi.

Ranar Juma'a Thorkild ya shigo da tire biyu, mai kwakwa da jan sukari a sama. Ya tsaya a bakin tebur ya ce shi ne jakin da ya sace wa bawul iska, aka yi masa ihu da tafi, wani ya ce ai dama shi kansa iska ce ta cika shi. Ejner ya ce shi ma da hannunsa a ciki tunda shi ya ba da izini, mako mai zuwa nasa ne. Kowa ya saki jiki. Thorkild da kansa ya yanka babban yanki ya tura gaban Bodil.

Ya ce, "Ci, uwar masu gaskiya. Kin ci nasara."

Ba ta taɓa cokali ba. Ta dubi manajan ta ce, "Ejner, ka gyara takardar?"

"Zan gyara, Bodil. Ranar Litinin. Yanzu dai mu ci."

"Ku ci mana. Ni zan jira."

Duk wanda ke ɗakin ya san abin da hakan ke nufi. Muddin akwai wanda bai ci ba, magana ba ta mutu ba. Idan kuwa ta ci, ta mutu ke nan, kuma ranar Litinin ita ce za ta zama mara kirki idan ta tambayi takarda. Mutum ashirin da uku suka zauna da cokula a hannu. Mai gwajin madara ta ce, "Don Allah Bodil, kofi yana hucewa." Wani direba ya ce a ƙasan maƙoshi, wasu dai ba sa ƙoshi. Bodil ta harɗe hannuwa tana kallon taga.

Wuyan Ejner ya yi ja. Sannan ya ture kujera ya hau bene, ya dawo da fayil. A nan kan tebur, tsakanin farantai, ya ja layi a kan abin da ya rubuta, ya rubuta sabo a ƙasa: iska ta ragu saboda tiyon da aka jona da izinin manaja, an sa roba daidai. Ya tura mata.

Ta sa tabarau ta karanta har ƙarshe. Ta ce, "Kwanan wata da sa hannu."

Ya sa.

"Rawayar fitilar kuma a mayar mata da muryarta."

"Sau arba'in a yini, Bodil!"

"Ka turo ta wayata. Ni zan ji."

Ya ce to. Ta ɗauki cokali ta ci, sauran suka bi. Ba a yi wata dariya sosai ba, kuma an tashi kafin lokaci.

Da yammacin ranar ta yanke tiyon ta toshe ramin da walda. Mako biyu bayan haka ta ja wa ɗakin cuku nasa bututun iska daban, daga injin kai tsaye, ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Thorkild ya koma zama a ɗaya ƙarshen teburin, bai yi mata magana ba sai cikin watan Mayu, kuma har yanzu akwai waɗanda ke cewa ta wuce gona da iri a kan layi ɗaya. Na tambaye ta ko abin yana damunta. Muna tsaye a gaban tanki na uku, wayarta ta yi ƙara a aljihu. Ta duba, ta ce 204 ne, ya yi jinkirin rabin sakan.

Ta ce, "Su yi ta faɗa. Ka matsa mini daga hanya, kana tsaye a gaban akwatin kayan aikina."